Fuskar da ke Ƙarƙashin Hular Walda

Shafi na 19

Masu ƙwanƙwasa mini akwatin saƙo tun jiya, na ji ku. Ku gyara zama.

*

Delphine, mai yi wa 'yan fim kwalliya, tana yanka bakin wani kwali da 'yar wuƙarta, tana yi wa Emmett mita.

"Na ce ka daina shan kofi kafin ka hau kujerata. Gam ba ya kama fatar da ke tsiyaya."

"Miss Del, a Louisiana muke, cikin watan Agusta. Ko gawa aka kawo miki sai ta yi gumi."

Emmett shi ne Mai Walda, makashin fim ɗin. A gaban kamara ya gama da kusan kowa a labarin. A bayan kamara kuwa shi ne ƙaton da ke tsugunawa yana kwashe tururuwa daga cikin jinin ƙarya da cokali, don kada a taka su.

Yau ce ranar ƙarshe ta ɗauka. Corinne, yarinyar da ke tsira a labarin, za ta kayar da shi, ta durƙusa ta ɗaga hular waldarsa, a ga fuskarsa karon farko. Delphine ta yi makonni tana gina wannan fuskar, ƙonanniya, leɓe a zazzage. Sai ga Emmett da safen nan da kwali a hammata, wai darakta ya ce a ajiye waccan, a sa wannan.

Ta ɗaga audugar da aka rufe abin da ita.

Ta daina mitar.

Fuskar mace ce. Ba ƙuna, ba haƙoran dodo. Roba ce mai laushi, an ɗan buɗa ta ta wajen kumatu don ta shiga kan namiji, shi ya sa bakin ya fi yadda Allah ya yi shi faɗi. Amma girar hagu tana nan da 'yar tsagarta. A ƙarƙashin kunne kuma ga ɗan rami kamar ƙwayar shinkafa, inda iska ta shiga kullu ranar da aka ɗauki zubin. Delphine ta san ramin nan. Hannunta ne ya yi shi, tun tana budurwa.

"Kai, kyakkyawa ce," in ji Emmett yana leƙe. "Ashe mace ce ni tun farko? Da an faɗa mini ai da na gyara tafiyata."

"Je ka kira mini Wade."

"Ba ki ce gam ɗin zai..."

"Emmett."

Ya dubi idonta, ya miƙe bai ƙara ko kalma ba. Sai da ya sunkuya kafin ya fita ta ƙofar motar kwalliyar.

Mai wannan sana'a ba ya zubar da fuska. Duk wanda aka taɓa shafe wa fuska da kullu aka ɗauki zubinsa, farar fuskarsa ta siminti tana nan a kan kanta, ko ya tsufa, ko ya mutu. Rumbun da ke bayan gidan Delphine cike yake da su. Ta Roxanne tana can sama, naɗe cikin tawul tun ranar jana'izarta.

Roxanne, mai fuskar da ke cikin kwalin, 'yar wasan fim ce, aminiyar Delphine. A zamaninta an sare mata kai, an rataye ta, an nutsar da ita a finafinai ba adadi, har ana cewa duk kudancin ƙasar babu mai ihu kamarta. Ta rasu gab da bikin Ista, ita kaɗai a ɗakinta. Corinne, 'yarta tilo, ita ta buɗe ƙofa ta same ta. Daga nan sai asibitin masu ciwon damuwa, inda yarinyar ta daɗe ba ta ce wa kowa uffan ba.

Ƙofa ta buɗe. Wade ya shigo da abin sauraro rataye a wuya, yana cin fanke mai garin sukari, garin duk ya zuba masa a gemu. Ɗan ƙanwar Delphine ne, ita ta raine shi tun yana firamare. Wannan ne fim ɗinsa na farko a kujerar darakta.

"Tanti Del, Emmett ya ce kina nemana da irin kallon da ke sa kare shigewa ƙarƙashin mota."

Ta juya masa kwalin.

"Yaushe ka shiga rumbuna?"

"Ina da makulli tun ina sakandare."

"Ba makulli na tambaye ka ba."

Ya goge gemunsa da bayan hannu.

"Kafin mu fara ɗauka. Na mayar da ita inda take. Ko tawul ɗin na naɗe yadda kika naɗe."

"Wa ya zuba maka robar?"

"Wasu ne a Atlanta. Ba su san ko wace ce ba."

"Kai ka sani. Matar nan ita ta koya maka hawan keke a gaban gidana, tana bin ka a guje ba takalmi."

"Ina sonta ni ma, Tanti."

"To Allah ya raba mu da irin sonka."

Wade ya jawo kujerar da Emmett ya tashi a kai, ya zauna a hannunta.

"Na sake ƙarshen labarin. Uwar yarinyar ce makashiyar. Ki duba mana. Duk wanda ya tashi da kallon finafinan nan ya san fuskar Roxanne. Hula ta ɗago, sinima gaba ɗaya ta miƙe tsaye."

"Corinne ta san an sake?"

Ya sake gutsurar fanken.

"Wade. Ta sani?"

"In ta sani me ya rage? Kin ga abin da muka ɗauka shekaranjiya? Yarinyar nan ba ta jin tsoro. Tana buɗe baki, sauti na fita, ido ba kowa a ciki. Magungunan nan sun kwantar da ita kamar ruwan randa. Ana bin ta da wuta, tana gudu kamar mai tsoron bas ya wuce ta."

"Sai ka koya mata. Aikinka ke nan."

"Wa ya ba ni labarin daraktan da ya ɓoye mutum a ƙarƙashin gado bai faɗa wa 'yar wasa ba? Wa ya ba ni labarin ranar da aka juye wa Roxanne kyankyasai na gaske a baho? Ke ce. A teburin cin abinci, kina dariya har da hawaye. Kika ce ihun da ya fi kowanne a fim ɗin ke nan."

"Kyankyaso ba uwar kowa ba ne."

"Haka ake yi tun kafin a haife ni. Ni ban ƙirƙiro ba."

"Ka je asibitin?"

Ya kawar da kai.

"Ni na je. Na zauna a gabanta ina ba ta shinkafa a baki kamar jaririya. Tana kallon bango, tana taunawa sai an ce mata haɗiye. Kai kana ina? Kana auna tagogin shagon waldar da za ka yi ɗauka a ciki."

"Ɗauka ɗaya ce. Ta ɗaga hula, ta gani, kamara ta kama, a yanke. Ni da kaina zan rungume ta in ba ta haƙuri. Baɗi war haka tana tsaye ana tafa mata, za ta gode mini."

"In kuma ba ta tashi daga ƙasan ba fa?"

Fankar da ke kan teburi tana juyawa, tana kaɗa gashin fuskar da ke cikin kwali. Delphine ta mayar da audugar ta rufe.

"Ba zan sa masa ba."

"To Emmett zai zura ta kamar safa. A duhu ba mai ganin bakin roba."

"Zan faɗa mata."

A nan ya ajiye guntun fanken.

"In kika faɗa mata kin kashe ɗaukar. Tsoro ba ya zuwa sau biyu, ke kika koya mini. Fim ɗin nan ba shi da ƙarshe in babu wannan, kuma ba wanda zai sake ba ni kamara ko ta ɗaukar biki." Muryarsa ta sauka. "Tun da muka fara ban roƙe ki komai ba. Tanti, ni ne fa."

Ni ne fa. Haka yake cewa yana ƙarami in ya fasa abu a rumbu, yana tsaye cikin fararen fuskoki da majina a hanci. Bai taɓa jin tsoronsu ba. Har sunaye ya raɗa musu, yana yi musu sai da safe. A lokacin abin alfahari ne a wurinta.

Ta cire rigar aikinta ta rataye, ta raɓa ta gefensa ta fita.

*

Corinne tana bayan tsohon shagon walda, a inuwar babbar bishiyar da ke bakin gonar rake. An kafa mata kujera nesa da kowa, don tun ranar farko Wade ya raba ta da Emmett: ba su ci tare, ba su gaisawa, ba ta taɓa ganinsa ba hula ba. Rigarta ta yi sharkaf da jinin ƙarya. Da yake Litinin ce, jan wake da shinkafa aka dafa bisa al'adar yankin, tana ci da hannu ɗaya, tana korar ƙuda da ɗayan.

"Miss Del, zo ki cece ni. Me kike zubawa a jinin nan ne? Ƙudan jihar nan kaf sun ɗauka biki ake."

"Ruwan sukari ne, kin sani."

"To ki rage. Ɗazu wani ya zo da iyalinsa."

Delphine ta jawo akwatin ƙanƙara ta zauna a kai. Gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta yi ta neman hanyar da za ta bi a zagaye, ba ta samu ba.

"'Yar nan, ajiye cokalin."

Corinne ta dube ta. Idon uwarta gare ta, manya, masu saurin gane abu.

"An soke fim ɗin?"

"A'a. In kika ɗaga hular yau, ba ƙonanniyar fuska za ki gani ba. Wade ya ɗauki zubin mamanki a rumbuna, ya sa an yi roba. Ita za ki gani. Ya so kada ki sani, don ya kama tsoronki na gaske."

Corinne ta ci gaba da tauna abin da ke bakinta. Ta haɗiye. Ta ɗora farantin a ƙasa a hankali, ta gyara masa zama kamar yana da muhimmanci.

"Ke kika ba shi?"

"Yanzu na gani. Daga can nan na yo."

Ta gyaɗa kai. Ƙuda ya sauka a wuyanta, ba ta kore shi ba.

"Zubin wane fim ne?"

"Wanda aka sare mata kai a jirgin ruwa."

"Tana da cikina lokacin."

"Ƙarami. Ta yi ta amai, sai da muka sake zubin. Ina shafa mata kullu tana zagina ta hanci."

Wata 'yar dariya ta kufce wa Corinne, ta tsaya a rabi.

"Motata na bakin titi," in ji Delphine. "Tashi mu tafi haka, da jinin da komai. Mu je gida in wanke ki, in dafa miki abin kirki. Ya ɗauki fim ɗinsa da tururuwa."

"Kin tuna abin da aka ce da Mama?"

"Corinne."

"Rana ɗaya ta fita daga wurin ɗauka. Rana ɗaya, don wani ya kai mata hannu. Aka ce mahaukaciya ce, ba a iya aiki da ita. Wayarta ba ta sake ƙara ba. Ni kuwa har da asibiti a tarihina. In na bi ki yanzu, kafin mu kai gada an gama faɗa. Ai dama, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Bari su faɗa."

"Ba ke za a faɗa wa ba."



Yarinyar ta ɗora hannayenta a kan cinya.

"Zan ɗaga hular. Zan ba shi abin da aka rubuta, ba ƙari ko na numfashi. Kunne ya ji, ai jiki ya tsira, ko ba haka ba? Ya zauna a kujerarsa yana jiran in tarwatse, in yi masa wasa kawai. In ya so ya cinye hularsa."

"Ba sai kin nuna wa kowa komai ba."

"Ba don shi kaɗai ba ne." Ta kalli raken da ke kaɗawa. "Miss Del, in na rufe ido, abin da na gani a ɗakin Mama shi ke zuwa. Na duba hotuna, na kalli finafinanta, ba ya gogewa. Kin ce wannan tana da ƙuruciya?"

"Ba ta kai ki ba ma."

"To ina so in ga wannan."

"Zo ki gani yanzu, a hannu, a hasken rana. Ki taɓa ki ji roba ce."

"In na gani yanzu ba zan shiga ba. Na san kaina." Ta juyo. "Abu biyu zan roƙe ki."

"Faɗi."

"Ke za ki sa masa. Kada a sa mini uwa a karkace. Kin san jan bakinta."



"Na sani."

"Kuma ki tsaya kusa da kamara, inda zan gan ki. In abin ya fi ƙarfina zan ɗago in kalle ki. Kada ki matsa."

"Ko gini zai faɗo."

Corinne ta sunkuya ta ɗauki farantinta. Tururuwa sun riga sun hau. Ta zuba musu ido kawai.

*

Wade yana tsaye a bakin motar kwalliya da kwalin a hannu. Delphine ta miƙa hannu.

"Ba ni."

Ya dube ta, ya dubi wajen bishiyar, ya sake dubanta. Bai tambaya ba. Ya miƙa mata, ya juya ya nufi teburin mai ɗaukar sauti, ya sunkuya suna magana ƙasa-ƙasa.

Ta zaunar da Emmett ta goge masa gumi. Ta shafa gam a goshi da haɓa, ta ɗora robar, tana bi da yatsa tana kwantar da bakinta har ya ɓace cikin fatarsa. Hannu ya san aikinsa, ba ya tambayar zuciya. Ta haɗa kala a bayan hannunta, ja mai ɗan duhu kamar cikin kankana ta nuna sosai.

"Yau ba ki zage ni ba," in ji Emmett ta cikin leɓen da ba nasa ba. "Hankalina ya fara tashi."

"Daina motsa baki."

"Wace ce, Miss Del?"

Ta so ta yi shiru. Amma mutumin nan shi zai kwanta a ƙasa yarinyar ta durƙusa a kansa.

"Uwar Corinne."

Sannan manyan hannayensa suka taso za su kama gefen robar. Ta buge su da burushi.

"'Ya'ya mata gare ni," ya ce. "Ba da ni ba. In ya ga dama ya sa da kansa."

"Ta sani. Ita ta ce a sa."

"Ita ta ce?"

"Ita."

Ya daɗe yana kallon madubi. Roxanne tana kallonsa daga ciki, da kafaɗun ɗan dambe.

"To zan rufe ido," ya ce. "Kada ta ga idona a cikin fuskar uwarta."

Delphine ta ɗauko fensir ta ƙara fito da tsagar girar. Sai da ta gama ta lura tana riƙe da haɓar kamar yadda take riƙe ta a da, tana jiran a zage ta ta hanci. Ta ɗauki hular walda ta kifa a kai, ta sauke baƙin gilashin.

*

A waje rana tana tsaka. A cikin shagon an toshe tagogi da baƙin yadi, an busa hayaƙi, dare ya yi. Zafi kamar cikin tanda. An kashe fankoki saboda sauti, kowa yana tsiyaya a tsaye ba mai motsi.

Emmett ya kwanta rigingine a kan siminti, tsakanin tarkacen ƙarafa. Aka yayyafa masa jini a ƙirji. Delphine ta ratsa wayoyi ta tsaya dab da kafaɗar mai kamara.

"Miss Del, kina cikin hanyata."

"Ka saba."

Aka shigo da Corinne. Ba ta dubi Wade ba. Ta nemi Delphine da ido, ta same ta, ta je ta tsaya a kan alamarta.

Wade yana bayan ƙaramin allonsa, abin sauraro a kunne.

"A yi shiru. Corinne, a hankali, kada ki yi sauri. Komai kika gani, kada ki tsaya sai na ce a yanke." Ya ɗaga yatsa. "A ɗauka."

Ta tako tana jan ƙafa kamar yadda aka koya mata. Ta durƙusa. Numfashinta kaɗai ake ji. Ta sa hannu biyu ta kama gefen hular, ta tsaya, sannan ta ɗaga.

Fitila ta sauka a kan Roxanne, ido a rufe, baki ja, kamar mai barcin rana.

Wani daga cikin masu fitila, dattijo ne da ya yi aiki da ita a da, ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa.

Kafaɗun Corinne suka ɗaga, suka sauka. Delphine ta ga maƙogwaronta yana motsi. Ta ga yatsun sun ƙanƙame hular har sun yi fari. Amma yarinyar ba ta tarwatse ba. Ta kalli fuskar, ta kalle ta sosai, tun daga gira har haɓa, kamar mai shan ruwa bayan doguwar tafiya. Sannan ta ja baya kamar yadda aka rubuta, ta buɗe baki ta faɗi layinta daidai, kalma bayan kalma.

"Ya ƙare. Ba za ka sake taɓa kowa ba."

Ta yi. Delphine ta juya wajen Wade tana jiran ya ce a yanke.

Bai ce ba. Idonsa na kan allo. Ya ɗaga hannu a hankali, ya nuna mai sauti.

Daga wani wuri cikin tarkacen ƙarafan, kusa da kan Emmett, lasifika ta yi ɗan tari. Sai murya ta fito, a dishe, tana jan kalmomi irin na wadda ta sha kuka ta kuma sha wani abu.

"'Yar tsuntsuwata... me ya sa ba ta ɗaga wayata? Na kira, na kira..."

Delphine ta gane muryar Roxanne nan take.

Ba daga fim aka ciro wannan ba. Saƙon murya ne, kuma a waya ɗaya yake a duk duniya, wayar Delphine. Roxanne ta bar shi kwana guda kafin ta rasu. Sau nawa Corinne ta tambaya a asibiti, bayan bakinta ya buɗe, ko Mama ta kira wani, ko ta bar magana. Delphine ta dubi idonta ta ce a'a, don ta san abin da jin wannan zai yi mata. Ba ta iya gogewa ba, ba ta kuma iya sake saurara ba. Da ta sayi sabuwar waya, Wade ta miƙa wa ya kwashe mata kayan tsohuwar.

Hular ta suɓuce daga hannun Corinne, ta bugi siminti, ta gangara.

"Mama?"

Ƙaramar murya ce, ta yarinyar da ta farka ba ta ga kowa a ɗaki ba. Ta rarrafa ta koma, ta kama kumatun robar da hannu biyu.

"Mama, ina wajen aiki ne. Na ce zan kira da safe. Na ce da safe..."

Hawaye yana gangarowa daga rufaffun idon Emmett, yana bin ƙarƙashin robar.

"A kashe," in ji Delphine. Muryarta ba ta fita ba. Ta sake gwadawa. "Wade, a kashe."

"Ci gaba da ɗauka," Wade ya raɗa wa mai kamara.

Mai sauti ya kai hannu zai tsayar a inda aka nuna masa. Ya kuskure maɓallin. Muryar ta wuce.

"Del, ke ce kaɗai take ji. Ki ce mata ta kira ni. Del, kina ji na? Ki ce mata..."

Ƙit. Shiru.

Corinne ta daina motsi. Hannayenta suna kan fuskar, jan bakin da Delphine ta haɗa ya shafu a babban yatsanta.

A hankali ta ɗago kai.

Ba Wade ta nema ba. Ta kalli gefen kamara, daidai inda ta ce a tsaya mata.

Delphine tana nan. Ba ta matsa ba.

"Miss Del," in ji Corinne, muryarta a kwance kamar ba ita ce ta yi kuka yanzu ba. "Kin ce ba ta kira kowa ba."

Jar fitilar kamara tana kunne.